Injiniya da Randar Dubai

Tun farko gara a faɗi gaskiya: abin da za a karanta nan a kan mai wannan rubutu ya faru. Amma da yake akwai surukansa cikin masu karanta mujallar nan, kuma har yau bai gama biyan bashin da ya jawo wa kansa ba, ya nemi alfarma a bar shi ya ba da labarin kamar na wani ne. Za mu kira shi Injiniya, sunan da kawunsa ya laƙaba masa a watan Mayun 2024, ba don yabo ba. Aikin akanta ya karanta. Abin da ya haɗa shi da injiniyanci bai wuce waya mai data da wata sukundireba mai karyayyen baki ba.

Gidan Kawu yana Karewa, a Jimeta. Wani ɗan kwangila ne ya gina shi a farkon shekarun 2000, lokacin da duk wanda ya leƙa Dubai sai ya dawo da kwantena, Kawu kuma ya saye shi da kuɗin sallamarsa bayan ya bar aikin gwamnati. Cikin abin da ya tarar a gidan har da wani ƙaton bahon wanka a banɗakin babban ɗaki, fari fat, an kewaye shi da tayil har ƙasa. A jikinsa akwai wasu idanu shida masu ƙyalli, a bakinsa maɓalli ɗaya, can kusa da gindinsa kuma wani faifai mai ƙananan huji kamar rariya. Ranar ciniki dillali ya dafa bahon ya ce, "Alhaji, wannan fa jakuzi ne," ya kuma ƙara kuɗi a kansa.

Kawu bai taɓa danna maɓallin nan ba. Kullum da bokiti da moɗa yake shiga, ya tsaya a tsakiyar bahon ya yi wankansa kamar yadda ya saba tun yana yaro a cikin garin Yola, ya fito. A ganinsa, mutum ya zauna cikin ruwan da ya wanke dauɗarsa, wannan aikin agwagwa ne.

Shi kansa sunan yana da tarihi, kuma ba a gidan masu kuɗi tarihin ya fara ba. Jacuzzi sunan wasu 'yan'uwa bakwai ne 'yan Italiya da suka yi ƙaura zuwa Kalifoniya ta Amurka, suka kafa kamfani a 1915 suna ƙera farfelar jirgin sama. Da jirgin da suka ƙera ya faɗi da ɗaya daga cikinsu a 1921, sai suka haƙura da sama suka dawo ƙasa, suka koma ƙera wa manoma injinan jawo ruwa. Wankan ta hanyar jinya ya shigo. Ɗan Candido, ɗaya daga cikinsu, ya kamu da ciwon gaɓoɓi tun yana ƙarami, sai uban ya ƙera wani ɗan inji da ake tsomawa cikin baho yana motsa ruwan, yana gasa wa yaron jiki a gida. A 1956 suka fara sayar da injin, a 1968 kuma Roy Jacuzzi ya fito da bahon da aka gina bututai da bakunan feshi a jikinsa. Daga nan sunan ya bi duniya ya zama na kowa, kamar yadda kowane garin sabulu Omo ne a wurinmu, kowane dunƙulen miya kuma Maggi. Bahon Kawu ba shi da dangantaka da kamfanin ko ta wajen uwa ko ta wajen uba. Babu ma sunan kowa a jikinsa.

Da haka aka zauna lafiya har ƙarshen watan Afrilun 2024, lokacin da ɓarayi suka lalata turakun babban layin wutar da ya taso daga Jos zuwa Gombe. Yola da Jalingo da sauran garuruwan arewa maso gabas suka shiga duhu na makonni. Wanda ya san Yola a watan Afrilu da Mayu ya san abin da hakan ke nufi: zafi ya haura maki 40, katifa ta zama tanda, mutane suna kwana a tsakar gida suna fifita da kwali. Injin rijiyar burtsatse ya yi shiru, tankin sama ya bushe. Tayar da janareta kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya zama abin da sai an yi shawara da aljihu. Ga Binuwai nan kwance ƙarƙashin gadar Jimeta, kogin da jiragen ruwa suka riƙa hawowa da kaya a zamanin Turawa, amma ruwan gida a kura yake zuwa, jarka bayan jarka, a hannun 'yan ga-ruwa da suka zama manyan mutane a 'yan makonnin nan. Sai ka yi wa mai kura sallama sau biyu kafin ya waiwayo.

A cikin wannan hali ne aka tsayar da bikin autar Kawu. Baƙi za su zo daga Mubi da Ganye, wasu har daga Garwa ta Kamaru. Hajiya, matar Kawu, ta cika duro biyu da randuna da duk wata roba da ke gidan, ta duba ta ga ba za su kai ko'ina ba. Sai idonta ya faɗa kan bahon. Lissafinta bai da aibi: abin zai ci kusan lita 250, wato jarka 10 masu lita 25, kusan kura guda. Wanda ke wanka da bokiti ɗaya, wannan wankan mutum goma sha wani abu ne. Ta sa aka wanke shi, ta toshe magudanar ƙasa da murfinta, aka juye jarka 10 da magariba, ta rufe da tabarma.

Da asuba ta ɗaga tabarma ta tarar da ruwan da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba.

Sauran ya tafi ziyara. Bayan bangon banɗakin akwai sito, a siton kuma akwai kayan biki. Buhun shinkafa ya jiƙe daga ƙasa, garin fulawar cincin ya kama hanyar zama kwaɓi da kansa, rabin buhun sukari kuwa ya narke ya bi siminti, tururuwa suka fara walima kwana huɗu kafin baƙi.

A nan ne Injiniya ya shigo labarin. Ya zo gaida Dada ne, kakarsa, wadda ke zaune a gidan, ya tarar da mata sun yi cirko-cirko a ƙofar banɗaki. Da ya yi gaisuwarsa ya wuce, da yau ba shi da bashi. Sai ya leƙa, ya ciro waya, ya kalli bidiyo biyu a YouTube, ya ce da murya irin ta wanda ya saba, "Hajiya, ai wannan ƙaramin abu ne. Idanun nan ne ke shanye ruwan. Ku bar mini."

Rabin maganar gaskiya ce. Idanun nan shida ba ado ba ne. Kowanne bakin bututu ne, bututan kuma sun zagaye bahon ta baya, a ɓoye cikin tayil, sun haɗu a wurin wani injin tura ruwa. Idan aka kunna, injin ya turo ruwa da ƙarfi, ruwan ya bi ta wata matsattsiyar hanya ya jawo iska, su fito tare suna kumfa. Idan kuwa ba a kunna ba, idanun ramuka ne kawai: ruwa ya kai gare su, ya shige cikin bututu. Da bututun na da lafiya, sai ya cika ya tsaya. Na Kawu ba shi da lafiya. Abin da Injiniya bai taɓa tambayar kansa ba shi ne ta ina injin ke samun ruwan da yake turowa. Da wani yaro ya nuna faifan nan mai huji na can ƙasa ya ce, "Yaya, wannan fa?" sai ya amsa masa ko kallo bai yi ba: "Sifikar rediyo ce. Na Dubai har rediyo suke da shi."

Dada ta dube shi daga kan tabarmarta ta ce, "Angona, kai da ko tulu ba ka taɓa liƙewa ba?"

Shawarar farko da Injiniya ya yanke ita ce a kunna abin, domin a cewarsa likita ba ya ba da magani sai ya ji bugun zuciya. Aka sayo jarka 6, ya ce sun isa, ba sai an yi ɓarna ba. Aka jona ɗan ƙaramin janareta irin na masu aski da masu cajin waya. Ya danna maɓalli, janareta ya yi tari sau biyu ya mutu. Irin wannan injin yakan kai ƙarfin doki ɗaya, kusan wat 750, kuma a lokacin tashi yana jan ninkin haka, abin da ɗan janaretan ba zai iya ɗauka ba. Mai hankali zai ɗauki wannan a matsayin gargaɗi. Injiniya ya sa aka jawo babban janaretan da aka yi hayarsa don ranar biki.

Akwai ƙa'ida ɗaya da duk takardar irin wannan baho ke farawa da ita: kada a kunna sai ruwa ya rufe idanun da 'yan santimita. A cikin ruwa feshin tausa ne. A sarari kuwa tiyo ne na 'yan kwana-kwana. Jarka 6 ba su kai idanun ba.

Da farko injin ya yi gurnani kamar tsohon da aka tasa daga barci, bahon ya ɗauki rawa. Wannan ƙarar ce ta jawo Kawu, wanda tela ya kawo wa farar shaddar ɗaurin aure a safiyar, ya sa ta don Hajiya ta ga ɗinkin. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Me ake yi a nan?" Kafin a amsa masa bahon ya amsa. Idanu shida suka buɗe a lokaci guda. Abin da ya fito ba za a kira shi ruwa ba sai don ladabi: baƙin yauƙi ne na shekara ashirin, da ɓawon tsohon sabulu, da fukafukan kyankyasai, da wasu kyankyasan da ransu, da wani abu da daga baya aka yi ittifaƙi cewa a da tsaka ce. Ido ɗaya ya nufi silin, ɗaya ya nufi madubi, biyu suka haɗa kai suka nufi Kawu daga wuya zuwa gwiwa.

"Kashe! Kashe shi!"

Injiniya ya danna maɓalli. Maɓallin irin wannan baho ba ya ɗauke da lantarki, don kada ya ja mai jiƙaƙƙen hannu. Iska yake turawa ta wani siririn tiyo zuwa makunnin da ke jikin injin. Dabara ce mai kyau, matuƙar robar cikinta ba ta shekara ashirin tana gasuwa a zafin Yola ba. Maɓallin ya shige ciki ya zauna. Sai Injiniya ya faɗa cikin bahon ya toshe ido biyu da tafin hannu, ɗaya da gwiwa. A nan ya koyi darasin da ba ya cikin bidiyon: duk idon da ka toshe, ƙarfinsa komawa yake kan sauran. Ukun da suka rage suka ƙara ƙaimi, kuma har lokacin Kawu bai matsa daga inda yake ba, don mamaki ya kafe shi. Yaron nan mai tambayar rediyo ne ya yi hankalin rugawa waje ya kashe janareta.

Aka yi tsit, sai ɗigar ruwa daga silin.

Kawu mutum ne da ba ya ɗaga murya in ransa ya ɓaci da gaske. Ya goge fuska da hannun riga, ya dubi hannun rigar, ya ce, "A 2012 an saki ruwan Lagdo, bai shigo gidan nan ba. A 2022 an sake saki, bai shigo ba. Sai yau da Allah ya kawo mana injiniya." Lagdo dai madatsar ruwa ce da Kamaru ta gina a kan Binuwai sama da Garwa, aka gama ta a 1982, kuma duk shekarar da aka buɗe ƙofofinta mutanen bakin kogi a Adamawa ba sa barci. Daga ranar sunaye biyu suka zauna a gidan: nasa, da na banɗakin, wanda yara har gobe suke kira Lagdo.

Abin dariya ne, amma baƙin yauƙin nan ba abin wasa ba ne. Ruwan da ya kwanta cikin bututu mai ɗumi gida ne ga ƙwayoyin cuta. Akwai wadda ke sa ƙuraje a jikin masu shiga irin wannan baho in ba a tsabtace shi. Akwai kuma Legionella, wadda ta samo sunanta daga taron tsofaffin sojojin Amurka a Filadelfiya a 1976, inda ta kwantar da mahalarta da ciwon huhu. Ita ba ta sha ake ɗaukarta ba, ta shaƙar feshin ruwa ce, kuma tana jin daɗin ruwan da ɗuminsa ke tsakanin maki 20 zuwa 45, wato dai ruwan tankin Jimeta a kowace rana ta Allah. A 1999, a wani bajekolin furanni a garin Bovenkarspel na ƙasar Holan, bahon feshi da aka kunna don talla kawai ya yi sanadin mutuwar mutum fiye da 20, waɗanda ba wanka suka je yi ba, wucewa suka yi ta kusa. Injiniya ya karanta wannan a daren, ya kwana yana sauraron numfashin kansa. Allah ya tsare, ba wanda ko tari ya yi.

Limamin unguwa ya zo yi wa Kawu Allah-ya-sa-alheri bayan azahar, Hajiya ta aika a tambaye shi ko za a iya alwala da ragowar ruwan, don jarka 6 ba abin zubarwa ba ne a wannan marra. Liman ya ce duk wanda ya yi Ahalari ya san abin da ake dubawa uku ne, launi da ƙamshi da ɗanɗano. Ya leƙa ya ce launi dai ya tafi, hanci ma ya ba da shaida tun daga falo. Kawu ya ce ɗanɗanon ma a bar shi, shi ne shaida.

To, sai aka koma kan ainihin aikin, wato toshe idanun. Kwana biyu Injiniya ya yi a kai, kuma kowane gwaji kuɗin ruwa ne.

Ya fara da salatif, ya liƙa shi gicciye a kan kowane ido kamar an yi wa bahon sakiya. Ruwa na taɓa shi ya saki. Ya koma sabulu, don ya taɓa ganin wani direba ya toshe fasasshen tankin mai da shi a hanyar Numan. Bai tuna cewa mai ba ya narkar da sabulu ba, ruwa kuwa aikinsa ke nan. Cikin awa ɗaya bahon ya zama ruwan wanki. Sai ya tattaro murafun jarka shida, ya sayo gam ɗin nan mai kamawa nan take. Gam ya ƙi kama jikin baho mai santsi da danshi, amma ya kama babban yatsan Injiniya da manuniyarsa da murfi ɗaya, ya yini yana nuna wa mutane alamar da ba ya nufi. Man cire jan farce na amarya ne ya cece shi, bayan ƙawayenta sun gama ɗaukarsa hoto.

Dada ce ta kawo dabarar da ta fi duka. Ta ce a samo totuwar masara, a naɗe ta da leda, a ɗaure da robar tsohuwar tayar keke, a cusa. Haka suke toshe bakin gora tun kafin a haifi uban mai Dubai. Aka cusa shida. Bahon ya koma kamar saniya mai nono shida, amma ko ɗigo bai bi ta idanun ba. Injiniya ya karɓi yabon a madadinta, ya sa aka juye jarka 10, ya tafi gida yana tafiyar wanda ya ci zaɓe.

Da asuba, ruwa tsawon ɗan yatsa. Wannan karon an riga an kwashe kayan sito, sai akwatin lefe da aka ajiye a wurin don an ce yanzu ya bushe.

Ranar ce ya hau keke ya shiga gari neman murfi na gaskiya. Ya bi shagunan kayan famfo ɗaya bayan ɗaya yana nuna hoto a waya. Wani ya ce an daina yayinsa. Wani ya ce sai dai a yi oda daga Legas, sati biyu. Wani ya ce yana da sabon baho mai ido goma sha biyu da fitilu masu canza launi, zai yi masa ragi. Daga nan aka tura shi Jambutu wajen masu gyaran bambar mota, don bahon da irin zaren gilashin da suke faci da shi aka ƙarfafa bayansa. Ogan wurin ya dubi hoton ya ce aikin minti talatin ne, a ɗauko bahon a kawo. Injiniya ya ce a gine yake cikin tayil. Ogan ya ce to a kawo banɗakin.

Kawu ne da kansa ya aika aka kira wani dattijo mai aikin famfo, wanda ya yi masa aiki tun yana gidan gwamnati. Ya zo da jakar buhu da tocila. Bai taɓa komai ba sai da ya tambaya, "Alhaji, da ruwan ya tsiyaye, a ina ya tsaya?" Aka nuna masa. Ya durƙusa ya ɗora yatsa daidai ƙasan faifan nan mai huji.

"Wannan mene ne?"

Yaron nan, Allah ya shirye shi, ya ce, "Yaya ya ce rediyo ne."

Dattijon bai yi dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Ya ce wannan shi ne bakin da injin ke zuƙar ruwa, ya fi idanun shida faɗi, kuma shi ne mafi kusa da ƙasa. Ruwa duk inda ya tsaya, ya nuna maka ƙofar da ya bi. Tun daren farko bahon yake faɗin inda ciwon yake, ba wanda ya saurara. Ya ce totuwar nan wa ya yi ta? Aka ce Dada. Ya ce da an ba ta guda bakwai da ba a kira shi ba.

Yadda ya yi aikin ya cancanci a rubuta, don akwai irin bahon nan da yawa a gidajen Karewa da Dougirei da otal-otal, suna zaune ba mai kunna su. Ya fara da raba injin da lantarki gaba ɗaya, ya cire wayar daga tushe ya naɗe bakinta, ya ce ruwa da wuta ba a barinsu ɗaki ɗaya ko da suna gaba. Ya nemi ƙofar duba inji, wadda ya kamata a bari a gefen kowane irin wannan baho, ya tarar mai tayil ya shafe ta. Ya fasa tayil biyu. Tocila ta nuna abin da ake nema: ɓeraye sun ci tiyon da ya haɗa bakin zuƙa da injin, ramin ya isa yatsa biyu. Bai yi wahalar facinsa ba. Ya yanke kowane bututu ɗan nesa kaɗan da jikin baho, ya goge, ya shafa gam ɗin fayif, ya sa wa kowanne murfin roba daidai bakinsa, bakwai cif. Ya zare injin da ragowar bututan ya fito da su. Sannan ya dawo ta ciki, ya kwance idanun masu ƙyalli, ya wanke ramukan da ruwan bilic, ya bari suka bushe ƙarau, ya cika su da silikon, ya ɗora wa kowanne faifan farar roba da ya yanko daga murfin bokitin fenti, ya zagaye bakin da silikon ya shafe da jiƙaƙƙen yatsa.

Ya ce murfin baya shi ke hana yoyo. Na gaba kuma shi ke hana ruwa samun lungun da zai kwanta ya ruɓe. Wanda ya yi ɗaya ya bar ɗaya, ko dai ya jiƙa sito ko ya yi kiwon cuta.

Sharaɗinsa ɗaya ne: awa 24 kada ruwa ya taɓa shi. Banɗakin ya ɗauki warin tsami irin na silikon, baƙin Mubi kuma sun riga sun iso. Injiniya ya fara cewa a zafin Yola ai awa shida ma ta isa. Dada ta ja tabarmarta ta shimfiɗa a ƙofar banɗakin, ta ajiye sandarta a gefe, ta ce, "Angona, zo ka wuce in gani."

Wajen biyan kuɗi dattijon ya rage wani abu, ya ce a bar masa injin. Yanzu injin yana can yana juya ruwa a tafkin tarwadar ɗansa ta wajen Geriyo, ya koma kusa da sana'ar da 'yan Italiyan nan suka yi kafin su san baho. Da zai tafi Dada ta ce masa "Useko", wato na gode, har sau uku, kalmar da jikanta bai ji daga bakinta ba duk tsawon makon.

An ɗaura aure ranar Asabar. Kawu ya sa tsohuwar shaddarsa mai ruwan toka, ba wanda ya lura sai waɗanda aka ba labari, wato kowa. Bahon ya ɗauki jarka 10 ya riƙe su har aka watse. Bayan an gyara turakun wuta ta dawo, Hajiya ba ta mayar da shi wurin wanka ba. Ta sa kafinta ya yi masa murfin katako, ta rataya masa moɗa, ta hana kowa shiga da ƙafa. Kawu yanzu a gefensa yake tsayawa da bokitinsa, a kan tayil, yana ɗiba daga ciki.

Lissafin da ke kan Injiniya, wanda shi da kansa ya rubuta tunda aikinsa ne: jarka 32, wankin atamfa huɗu na lefe, tayil biyu, da farar shadda yadi goma har da kuɗin ɗinki. Ya biya komai ban da shaddar. Mai karatu da ke da irin bahon nan a gida, kafin ka zuba ko jarka ɗaya, ka durƙusa ka ƙirga ramukan har da na ƙasa, ka kira mai aikin famfo. In kuma ka san inda ake sayar da farar shadda da sauƙi a Jimeta, a taimaka a sanar da ni. Wato a sanar da shi.